Ɗinkin da Na Yi Don Ya Tsinke

Fati, Aminu, wannan babin ku karanta shi da kyau, don na gaji da jin labarin a karkace. Duk zuwan da za mu yi Paris sai Gwaggo Rabi ta ja ku gefe ta gaya muku wai uwarku ta taɓa korar mahaifinta daga gidanta saboda ta fara aiki da Nasara. Ban kore shi ba. Abin da na yi ya fi kora zafi a wurin tela, kuma da za a dawo da ranar, shi zan sake yi. Ga yadda aka yi.

Kakanku Malam Isufu tela ne tun daga Maraɗi. A Stains muka tashi, a gefen Paris, hawa na tara, a ginin da asansarsa, wato na'urar hawa bene, ke aiki ran da ta ga dama. Kullum da safe yakan kama bas, ya sauka ya kama metro har Château Rouge, inda yake da keke biyu a bayan shagon wata mai sayar da shadda. Ran da babu lakwal, wato makaranta, ni ke binsa, ba don ina so ba, don Inna ta ce in na zauna a gida ni da ƙannena sai an raba mu. A can na koyi keke, na koyi yanka, na kuma koyi abu ɗaya da Baba ya ɗauka kamar rukunin addini: ɗinkin da ya fita daga hannunsa ba ya buɗewa. Layi biyu yake yi inda wasu ke yin ɗaya, ya koma baya ya kulle bakin. In mace ta zo karɓar kayanta, kafin ya naɗe sai ya kama rigar da hannu biyu ya finciko ta a gabanta har jijiyar wuyansa ta tashi. Matan su yi ta ihu suna cewa Malam za ka yaga mini shadda, shi kuwa yana murmushi. Rigunan da ya ɗinka mana ƙyallen ne ke mutuwa ya bar zaren a tsaye.

Da na gama lise, wato sakandare, na auri babanku, muka koma Saint-Fons, a gefen Lyon, inda yake aiki a masana'antar sinadarai. Wata shida ina zaune ina kallon hayaƙi ta taga, ba ni da kowa, ga wani wari da ke shigowa duk sanda iska ta juyo. Na kusa haukacewa. Wata rana na ga sanarwa ana neman masu naɗe laima a wani filin jirgi, tafiyar awa guda daga Lyon. Ban san wace irin laima ba ce, na dai ga an ce aikin ƙyalle ne, na tafi. Ashe laimar da ake faɗowa da ita daga jirgin sama ce. Ƙaramin jirgi ne ke kwasar mutane ya hau da su har sai ya zama ɗigo, a buɗe ƙofa, su zubo. Wanda bai taɓa yi ba sai a ɗaure shi a ƙirjin ƙwararre, wanda ake kira monita, su faɗo tare da laima ɗaya. In sun sauka, a kawo mana laimar mu shimfiɗa a ƙasa, mu tsefe igiyoyinta ɗaya-ɗaya, mu naɗe, mu cusa a jaka. Shekara biyu na yi a durƙushe a kan wannan daɓen. Ni kaina ban taɓa faɗowa ba, kuma kar ku jira, ina da hankalina.

A lokacin ne ƙananan kyamarori suka shigo, 'yan mitsi-mitsi kamar kwalin ashana, sai kowa ya rikice. Mutum zai faɗo daga inda tsuntsu ba ya kaiwa, ƙafarsa ta taɓa ƙasa, kafin ya gode wa Allah tambayarsa ta farko ita ce ina bidiyon. Kuma ba kowane bidiyo suke so ba. Wata mata ta tsare mu kusan awa guda wai kumatunta suna rawa a hoton, a sake mata. Aka ce Madam iska ce, ta ce to ai ita ba a gaya mata iskar za ta fito a bidiyo ba. Wani kuma ya zo da wayarsa ya naɗe ta a hannu da salatif, ya ce da kansa zai ɗauka, ba sai wani ya taimaka masa ba. Da aka hana shi ya yi fushi kamar an zagi iyayensa. Su monitocin ma ba su fi su ba. Kowannensu yana bukatar abin da zai riƙe kyamarar a bayan hannunsa na hagu don ta kalli fuskar fasinja, kuma kowannensu ya yanke cewa shi injiniya ne. Wani ya yanke hannun rigar nutso, wani ya sato safar da matarsa ke fito da tire daga tanda. Tiyeri, wanda ya taɓa gyaran mota kafin ya zama monita, shi ƙarfe ya lanƙwasa ya ɗaure da noti biyu, yana yawo da shi yana nunawa.

"Me zai sa in saya?" in ji shi. "Minti ashirin a garejina. Ko mota ta taka wannan ba abin da zai same shi."

Mota ba ta taka ba. Abin da ya faru, wata Lahadi laimarsa tana buɗewa igiya ɗaya ta naɗe notin nan, ta ɗage hannunsa sama ta riƙe. Ga mutum ɗaure a ƙirjinsa, ga hannun da zai tuƙa laimar da shi a maƙale. Muna ƙasa muna ganin laimar tana juyawa gefe ɗaya. Da ƙyar ya zaro wuƙarsa da ɗaya hannun ya yanke igiyar, suka sauka cikin gonar masara nesa da fili. Ba wanda ya karye. Fasinjan ya fito daga cikin masara yana tambayar ko an ɗauki wurin da suka yi ta juyawa, don shi nan ne ya fi masa daɗi.

Shugabar filin, Madam Odil, dattijuwa ce mai gajeren gashi da muryar masu shan taba, kuma ba ta maimaita magana. Ta ɗauko kwali ta bi su ɗaya-ɗaya ta kwashe duk ƙere-ƙeren nan, har da safar tanda.

"Daga yau," ta ce, "babu kyamarar da za ta hau jirgina sai wadda in igiya ta kama ta, za ta saki hannu ta yi tafiyarta. Kyamara ta faɗi, mutum ya tsira. Wanda bai yarda ba ga ƙofa."

Suka hau gunaguni. Irin safar hannun da ke sakin kyamara haka daga ƙasar waje ake aikowa, tana daɗewa kafin ta iso, in ta iso ma ba ta zama daidai hannun kowa ba. Ga bazara ta kusa, lokacin da jama'a ke cika filin, kuma duk wanda aka ce masa babu bidiyo wani filin zai tafi. Ina durƙushe a kan laima ina jinsu, sai na ji bakina ya buɗe.

"Ni zan ɗinka."

Tiyeri ya kwashe da dariya. Sunana Uwani, amma su Wani suke iya faɗa. "Wani, wannan fa ba labule ba ne."

"Naka ma ba safa ba ce, tarkon ɓera ne. Jiya ya kama babba."

Madam Odil ta dube ni ta saman gilashinta. Ta ce in kawo guda shida, ɗaya ga kowane monita, ran Asabar ta sama, za ta gwada su a gaban kowa. Dole su riƙe kyamara a cikin iska, dole kuma su sake ta in igiya ta finciko.

"In sun ci, ɗakin da ke bayan rumfar jirgi naki ne, da keken da ke ciki. Ki tashi daga daɓen nan. In ba su ci ba, kar ki sake ɗauko mini maganar."

Ɗakin nan na sha leƙa shi. Keken da ke ciki babba ne, irin mai cin fata da madauri, an rufe shi da tsohuwar laima tun da mai gyaransu ya yi ritaya. Ina so ku fahimta, ba safar ce a raina ba, ɗakin ne. Gwiwoyina sun gaji, ina kuma ɗauke da cikinki wata huɗu, Fati, na san nan da ɗan lokaci ba zan iya durƙusawa ba, kuma in na koma gida na zauna gaban tagar nan, na zauna ke nan.

Sati biyu na yi ina fama a falo da ɗan kekena. Jikin safar da madaurinta ba su ba ni wahala ba, ƙyallen roba ne da zaren nailan mai ƙarfi. Aljihun kyamarar kuma na yi shi daban. Duk aikin yana wurin da za a haɗa aljihun da safar. Na gwada maɓalli, na gwada abin manna mai ƙaya-ƙaya, wani ya saki da wuri, wani ya ƙi saki. Daga ƙarshe na koma kan abin da na raina: zaren auduga siriri, irin wanda tela ke kama ƙyalle da shi kafin ya yi ɗinkin gaske, layi ɗaya tak, da faɗin taku. Na rataye safar a ƙugiyar ƙofa, na ɗaura wa aljihun jarkar ruwa, ya riƙe. Na ɗaura masa buhun shinkafarmu na saki, ya tsinke. Na yi ta ƙara taku ina ragewa har ya zama kullum haka yake yi. Babanku ya kai ni babbar hanya yana gudu da mota, ni kuma na fitar da hannu ta taga, yana cewa in 'yan sanda suka tsayar da mu ni zan yi bayani. Ran Laraba shida suka kammala, na jera su a kan teburin keke.

Ran Alhamis Baba ya sauka a jirgin ƙasa. Zuwansa Lyon na farko ke nan tun bikina, ya zo da kilishi da yajin da Inna ta daka don mai ciki. Bayan an ci abinci ya tambaye ni wane irin aiki ne nake yi, don Inna ta kasa yi masa bayani. Na fara faɗa, ban kai rabi ba ya ɗaga hannu.

"Tsaya. Jirgin lahiya lau yake, bai lalace ba, su kuma su buɗe ƙofa su faɗo?"

"E, Baba."

"Da gangan?"

"Har layi suke yi."

"Allah ya shirya," ya ce, ya nemi buta.

Sai na bar maganar. Wannan laifina ne, na yarda. Da na daure na kai ƙarshe, ko kuma na jefa wa teburin nan zane, da duk abin da ya biyo baya bai faru ba. Amma ni haƙurin bayani bai taɓa isata ba.

Ran Juma'a na tafi aiki da safe. Babanku ya kai shi masallaci, ya dawo da shi gida, ya wuce masana'anta. Aka bar tela shi kaɗai a falo da keke da zare da ɗinkin 'yarsa. Da la'asar na turo ƙofa na ji ƙarar keke. Yana zaune, ya naɗe hannun riga, gilashi a kan hanci, fuskarsa cike da annuri irin wanda na daɗe ban gani ba.

"Uwani, zo ki gani. Na rufa miki asiri."

Duk shidan ya bi. Ya cire zarena siriri, ya sa nailan ɗin madauri, layi uku, ya kulle kowace kusurwa ya sake kullewa. Ɗinki ne mai kyau, wallahi, a miƙe kamar an ja da ma'auni. Na ɗauki ɗaya na ja aljihun, kamar ina jan bango.

"Baba, wa ya sa ka?"

Murmushin ya tsaya. "Sa ni? Ɗiyata za ta kai wa Nasara ɗinkin da ko ɗan koyo ba ya yi, a ce ɗiyar Malam Isufu ce, ni kuma ina zaune ina kallo? Da yatsa ɗaya na ja na farko ya buɗe. Kunya ta kama ni ni kaɗai cikin ɗaki."

"Ai don ya buɗe na yi shi!"

"Don mi?"

"Don ya tsinke! Haka ake so!"

Na yi ta zuba, rabi Hausa rabi Faransanci, igiya, noti, masara, Tiyeri, duk a haɗe. Shi kuwa kalma ɗaya ya ji.

"Ɗinki don ya tsinke," ya maimaita a hankali. "A ina kika koyo wannan? Ba dai a shagona ba."

Na dubi agogo. Gobe da hantsi ne gwajin, kuma warware layi uku na nailan ba tare da an yaga robar ba aiki ne na awanni. Sai na ja kujera, na ɗauki reza, na fara. Ku ba ku san nauyin wannan ba, don ba ku tashi a shago ba. A wurin su Baba, ko ɗinkin abokin gaba aka kawo gyara, ba a warware shi a gaban wanda ya yi. Ana jira ya tafi, a shiga ciki, a yi a ɓoye, kuma ba a faɗa. Ni kuwa ga ni a gaban ubana, wanda ya ɗora hannuna a kan keke, ina tsinke zarensa ɗaya-ɗaya yana zuba a kan cinyata. Yana kallo har na gama ta farko. Na ɗago, maimakon in ba shi haƙuri sai na ƙara.

"Wannan ɗinkin naka, Baba, mutum zai kashe."

Ya miƙa hannu ya ɗauki ta ƙarshe a layin, ya zura a aljihun rigarsa.

"Wannan ba ki taɓa ta. Gobe da ƙafata zan je, a gwada gaban mutane, a ga wanda ya san ɗinki."

Ranar bai ci tuwona ba. Na gama uku kafin isha'i, biyu bayan asuba. Babanku, da ya ji abin da ya faru, ya dube ni, ya dubi ƙofar ɗakin da Baba yake, ya tafi ɗumama mota.

Ba zan manta shigarmu filin nan ba. Kowa sanye da kayan roba masu launin tsiya, ga Malam Isufu cikin babbar rigar shadda ruwan ƙasa da hula, yana tafe a kan ciyawa kamar mai zuwa ɗaurin aure. Ya gaida Madam Odil da Faransancinsa na kasuwa, ya tambayi lafiyar gidanta da iyalinta da gajiyarta, tana tsaye tana gyaɗa kai ba ta san inda gaisuwar za ta ƙare ba. Na ajiye nawa a kan tebur. Ta ƙirga da ido.

"Shida na ce."

Baba ya zaro tasa ya ajiye a gefe, ya ɗan nisanta ta da nawa. A nan zan iya yin shiru in bar ta ta ɗauka duk nawa ne, ko in ce ta shida ba ta gamu ba a mayar masa da abarsa a rufe zancen. Na san kuma yana jin Faransanci sarai. Na ce:

"Biyar nawa ne. Ta shida ta babana ce. Ya fi ni iya ɗinki nesa ba kusa ba, kuma tasa ba za ta ci ba."

Madam Odil ta kira Tiyeri ta ce tunda shi ya jawo, hannunsa za a yi amfani da shi. Aka sa masa ta farko, da katako daidai girman kyamara a aljihun. Aka zarga igiyar laima a jikin aljihun, monitoci biyu suka kama ɗaya bakin, ta ƙirga uku suka finciko. Tas! Aljihun ya yi sama, hannun Tiyeri ko motsi bai yi ba. Baba ya ja tsaki. Ta biyu, tas. Ya girgiza kai. Har ta biyar, kowacce tas, kowacce da tsakinta, ƙarshe ma ya juya fuska gefe kamar wanda ake yi wa tsirara a kasuwa.

Sai aka sa tasa. Uku, suka finciko. Tiyeri ya tashi sama gaba ɗayansa ya faɗo rub da ciki. Mutanen nan biyu, don shaƙiyanci, suka ci gaba da ja, suna jan ƙato a kan ciyawa yana zaginsu da uwayensu. Aljihun ko gezau. Baba ya ɗaga yatsa sama, ya juyo ya dube ni, ya dubi taron.

"Wala! Kun gani?"

Kowa ya fashe da dariya, shi ma ya fara dariyar, yana zaton tasa ce ta yi nasara. Madam Odil ba ta yi ba. Ta kama hannun rigarsa, abin da ban taɓa ganin wata mace ta yi ba, ta nuna masa sama. Jirgin farko ya riga ya zubar da mutanensa, laima tana buɗewa a can ƙololuwa, mutum biyu suna lilo a ƙarƙashinta. Ta yi masa magana a hankali, kalma-kalma. Ta ce ya duba igiyoyin can. Ta ce ya ɗauka ɗaya ta kama wannan aljihun, hannun mutumin ya maƙale sama kamar yadda na Tiyeri ya maƙale yanzu, kuma wadda ke ɗaure a ƙirjinsa 'yar wani ce. Baba ya daɗe yana kallon sama, hannu ɗaya dafe da hula. Sannan ya dubi wuyan hannun Tiyeri, wanda ya yi jawur. Madam Odil ta kwance safar, ta juya ta ciki da waje, ta bi layukan da farce.

"Mishe, shekarata talatin a wannan aiki ban ga ɗinki mai kyau irin wannan ba," ta ce. "Kuma ba zai hau jirgina ba."

Ta miƙa masa da hannu biyu. Ya karɓa ya mayar aljihu.

Saura gwajin iska. Na zauna a bakin tebur na sake kama aljihu ɗaya da allura, aka sa kyamarar gaske, Tiyeri ya hau shi kaɗai. Minti ashirin nan sun fi sati biyun tsawo. Da ya sauka ya taho yana ɗaga hannun hagu tun daga nesa, kyamara na nan daram. Aka sa bidiyon a talabijin ɗin ofis: fuskar Tiyeri ce, kumatu na rawa, hoto a tsaye ba ya girgiza ko kaɗan, abin da ƙarfensa bai taɓa ba shi ba. Madam Odil ta zaro makulli daga cikin tarin makullanta ta jefo mini.

"Ki share ƙurar. Kuma ki gama ta shida kafin gobe."

Na cafke shi a sama. Masu naɗe laima suka yi ta buga daɓe da tafin hannu, ni kuwa na yi guɗa, guɗa ta gaske irin ta Inna, a tsakiyar filin Nasara, har matuƙin jirgi ya leƙo. Na juya in nemi Baba, ba shi. Tun Tiyeri yana sama ya ce wa babanku ya kai shi tasha.

Wata bakwai bai yi mini magana ba. In na kira gida Inna ce ke ɗauka, in ce a ba ni Baba, ta ce yana salla. Ƙarfe goma na safe yana salla, ƙarfe uku yana salla, har na ce Inna wannan sallar ko ta wace ƙasa ce. Ta ce in rufa mata baki, ni na ja. Da aka haife ki, Fati, ya aiko da turmin shadda da rago ta hannun ƙaninsa, amma bai zo suna ba. Na yi kuka ranar a banɗaki, na wanke fuska na fito na raba waina. Ban kira na ba da haƙuri ba. Na sha ɗaukar waya in ajiye, don in na ce na yi kuskure ƙarya na yi, kuma shi ya hana mu ƙarya.

Aiki kuwa ya buɗe. Monitocin wasu filaye suka ji labari suka fara zuwa, kowa da halinsa. Wani ya ce yana so gobe, in ce gobe ba ta cikin kayan da nake sayarwa, sati uku ne. Wani ya juya safar ya ce ai ya gani a intanet, wannan da kansa ma zai iya. In ce madalla, ga hanyar garejinka, in ka gama ka kawo mu ja ka a kan ciyawa. Wani ya saya ya tafi gida ya ga zaren ya yi masa siriri, ya bi shi da gam, ya dawo yana alfahari ya gyara mini. Wannan na karɓe safar na yanka ta biyu a gabansa. Tiyeri, mai cewa labule, shi ya koma mai yi mini talla, duk wanda ya zo da ƙarfe da noti sai ya nuna masa wuyan hannunsa. Amma hannu biyu gare ni, ga jaririya a bayana, jikin safar kuma yana cin lokaci. Na fara makara, kuma Madam Odil ta nuna mini madauri ɗaya da bakinsa ya fara saki bayan wata uku, wurin da bai kamata ya saki ba. Na faɗa wa Inna a waya, don dai in rage zafi.

Bayan sati biyu wata Hajiya mai kawo kayan miya daga Château Rouge ta kira ta ce tana da saƙona. Na same ta a tasha, ta ba ni jaka mai nauyi. A cikin mota na buɗe. Jikin safa ne guda ashirin, an gama su tsaf, madauri layi uku, kowace kusurwa a kulle. Aljihunan kuma ashirin, a ɗaure daban da ƙyalle. A bayan kowace safa, daidai inda aljihu zai zauna, an ja layi da alli, ba a sa ko zare ɗaya ba.

Na kira. Wannan karon shi ya ɗauka.

"Baba, ina wuni."

"Lahiya. Ya jinjira?"

"Lahiya lau. Baba, saƙo ya iso."

"To. Wurin ɗinkin banzan na bar miki, ni hannuna ba ya iya shi."

"Na gani, Baba."

"Kuma babban yatsan da kika yanka a karkace yake, shi ya sa madaurinki ke ci. Na gyara. Wa ya koya miki yanka haka?"

"Kai."

"Ƙarya kike. Ki aiko da awon hannun kowane mutum, ba a yi wa ƙato da siriri abu ɗaya. Ga innarki."

Kafin Inna ta karɓa na ji shi yana gaya wa wani a shagon cewa ɗiyarsa ce ta Lyon, wadda masu faɗowa daga jirgi ba sa hawa sai da sa hannunta. Na ɗauko tsohuwar safata na ɗora a kan tasa. Yatsan a karkace yake. Na wuce fili kai tsaye, na buɗe ɗakina, na kwantar da ke a kan tsohuwar laima, na zura zarena siriri a allura, na fara bin layin allinsa.